Tsawon Kalma da Jerin Haruffa: Nazarin Kalmomin Ingilishi da Hausa Ta Ara a Yankin PZ, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar kasa kalmomin Ingilishi rukuni-rukuni bisa yawan haruffansu ko bisa jerin haruffan da suka yi tarayya a kai, sannan ta auna hanyar da kalmomin aro da ake ji yau da kullum a PZ da Sabon Gari da Samaru a Zariya. Nazarin ya nuna cewa yawan haruffan kalma a Ingilishi ba ya faɗin tsawon da za ta yi idan ta shigo Hausa, haka kuma kamancin haruffa ba ya tabbatar da kamancin furuci. Abin da ke tantance siffar kalmar aro shi ne sautin da kunne ya ji, musamman cunkoson baƙaƙe, da kuma bakin da kalmar ta biyo kafin ta iso ga Bahaushe. A kan haka maƙalar ta ba da shawarar yadda za a sake tsara irin waɗannan jerin kalmomi domin ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko.

1.0 Gabatarwa

Tsara kalmomin Ingilishi a jere domin koyo tsohuwar al'ada ce. A 1930 C. K. Ogden ya fitar da jerin kalmomi 850 da ya ɗauka za su wadatar da mai koyo, a 1936 Edward Dolch ya fitar da kalmomi 220 domin yara masu koyon karatu, sannan a 1953 Michael West ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000. Waɗannan sun dogara ne a kan amfanin kalma ko yawan aukuwarta. Akwai kuma wani tsarin da ke duban siffar kalma a rubuce kawai: masu harafi uku a gefe ɗaya, masu huɗu a wani gefen, ko kuma duk masu ɗauke da *ch* ko *ea* ko *tion* a haɗa su wuri guda. Wannan tsari ya fi ƙarfi a wasannin kalmomi. Masu wasan Scrabble suna haddace kalmomi bisa tsawonsu, kuma Nijeriya ta yi suna a wasan tun da Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015. Wasan Wordle, wanda jaridar New York Times ta saya a 2022, an gina shi ne kacokan a kan kalmomi masu harafi biyar.

A fagen wasa tsarin ya dace, domin haruffa ake ƙirgawa. Matsalar tana tasowa ne idan aka shigo da shi aji, aka ɗauka cewa gajeriyar kalma ita ce mai sauƙi ga yaro, kuma kalmomi masu haruffa iri ɗaya za su shiga kansa tare. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: shin wannan zato ya yi daidai da yadda kunnen Bahaushe ke karɓar kalmar Ingilishi? Kalmomin aro su ne shaida mafi kusa, domin kowace daga cikinsu sakamako ce ta haɗuwar sautin Ingilishi da tsarin sautin Hausa.

Masana sun daɗe suna nazarin aro a Hausa. Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan aro daga Larabci a 1947, Bello Salim ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Hausantar da kalmomin Ingilishi a 1981, William Leben ya duba karin sautin irin waɗannan kalmomi a 1996, kuma Paul Newman ya ware wa aro babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Abin da wannan maƙala ta ƙara shi ne gwada tsarin tsawo da jerin haruffa a kan kalmomin. Misalan da aka kawo kalmomi ne da suka zama ruwan dare a bakin direbobi da makanikai da masu shaguna da ɗalibai, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun shiga ƙamusoshi, irin su na R. C. Abraham da *Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero* na 2006.

2.0 PZ a Matsayin Mahaɗar Harsuna

Sunan PZ ya samo asali ne daga kamfanin Paterson Zochonis, wanda George Paterson da George Zochonis suka kafa a Saliyo, ya kuma buɗe reshe a Nijeriya a 1899. Kantin kamfanin ne ya bar wa unguwar suna. Ita kuwa unguwar ta bunƙasa ne albarkacin jirgin ƙasa. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja wani zuwa Ƙauran Namoda, ya isa can a 1929. Ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma suka zauna a Sabon Gari. Barikin horar da sojoji ya kafu a Zariya a 1924, tashar binciken aikin gona ta Samaru ta fara aiki a shekarun 1920, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, sai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a 1964. Hanyar da ta tashi daga PZ ta bi ta Kwangila da Palladan zuwa Samaru ta haɗa duk waɗannan.

Wannan tarihi ya nuna cewa Ingilishi ya shigo yankin ta ƙofofi da dama: ta bakin Bature, ta bakin ma'aikacin jirgi Bayarabe ko Ibo, ta bakin kurtun soja, daga baya kuma ta allon makaranta. Zariya ce kuma cibiyar da aka fi yin aikin daidaita rubutun boko, domin a nan Hukumar Talifi ta yi aiki ƙarƙashin Rupert East, a nan aka fara buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ko sunayen wuraren ma shaida ne. Kwangila kalmar aro ce, MTD da PZ kuwa sunayen haruffan Ingilishi ne da suka zama sunayen unguwanni, kuma a bakin mutane da dama sautin farko na PZ yakan karkata zuwa /f/, tun da Daidaitacciyar Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/ a matsayin ƙwayoyin sauti biyu.

3.0 Bambancin Tsarin Gaɓa

Hausa tana da tsarin gaɓa iri uku: baƙi da gajeren wasali, BW, kamar a farkon *gida*, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, BWW, kamar a farkon *kifi* da *sauro*, sai baƙi da wasali da baƙi, BWB, kamar a farkon *gwanda*. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, ba ta kuma ƙarewa da baƙi biyu. Baƙaƙe masu goyo irin su *sh*, *ts*, *ky* da *gw* haruffa biyu ne a rubuce, amma sauti ɗaya ne a furuci. Bugu da ƙari, galibin sunaye na asali suna ƙarewa ne da wasali.

Ingilishi kuwa yana barin baƙi uku su jeru a farkon gaɓa, kamar a *spring* da *screw*, har huɗu a ƙarshenta, kamar a *texts*. Yana kuma rubuta ƙwayoyin sauti kimanin 44 da haruffa 26 kacal. A rubutun Hausa harafi da sauti sun kusa yin daidai, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa. Saboda haka yaron da ya fara karatu da Hausa yana zuwa ajin Ingilishi da tsammanin cewa abin da ido ya gani shi baki zai faɗa.

4.0 Rukuni Bisa Tsawon Kalma

A misalan da ke tafe an kasa kalmomin bisa yawan haruffansu a Ingilishi, an kuma rarraba gaɓoɓinsu na Hausa.

(1) Masu harafi uku
bus > bas
gum > gam
cup > ko-fi
set > sai-ti

(2) Masu harafi huɗu
film > fim
form > fom
bank > ban-ki
pump > fam-fo
card > ka-ti
line > la-yi
tray > ti-re
plug > fu-lo-gi

(3) Masu harafi biyar
pound > fam
court > ko-tu
paint > fen-ti
store > si-to
block > bu-lo
brake > bir-ki
glass > gi-la-shi
brush > bu-ro-shi
screw > su-ku-ru

(4) Masu harafi goma zuwa sama
government > gwam-na-ti
bricklayer > bir-ki-la
handkerchief > han-ki-ci
wheelbarrow > wul-ba-ro
scholarship > su-ko-la-shif
headquarters > he-di-kwa-ta
commissioner > kwa-mi-shi-na
transformer > ta-ran-si-fo-ma
screwdriver > su-kun-di-re-ba

Duk kalmomin da ke (1) zuwa (3) masu gaɓa ɗaya ne a Ingilishi, amma a Hausa wasu sun tsaya a gaɓa ɗaya, wasu sun zama biyu, wasu uku. A cikin rukuni guda na masu harafi huɗu an sami *fim* da *banki* da *fulogi*. Idan kuma aka tsallaka daga rukuni zuwa rukuni, za a ga *plug* mai harafi 4 da *handkerchief* mai harafi 12 sun fito da tsawo ɗaya a Hausa, wato gaɓa uku kowace. Haka nan *wheelbarrow* da *screwdriver* harafi 11 gare su kowace, gaɓa uku kuma a Ingilishi, amma ɗaya ta zauna a gaɓa uku, har akan taƙaita ta zuwa *baro*, ɗayar kuma ta miƙe zuwa biyar.

Bambancin yana fitowa ne daga wurin da baƙaƙe suka cunkushe. *Wheelbarrow* ba ta da baƙi biyu a farkon wata gaɓa tata, don haka ta shige ba tare da gyara mai yawa ba. *Screwdriver* kuwa tana da cunkoso biyu, /skr/ da /dr/, kowane kuma sai da aka warware shi da wasali. *Plug* tana da cunkoso a farko da kuma tsayau a ƙarshe, sai ta sami ƙarin wasali biyu. Ke nan awon da ya dace da kunnen Bahaushe shi ne yawan guraben da ke buƙatar gyara, yawan haruffa kuwa bai faɗi komai a kan wannan ba.

George Zipf ya nuna a 1935 cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su sukan fi gajarta, wanda shi ya sa ake fara koyar da gajeru. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar amfani. Sai dai ta fuskar furuci, gajerun kalmomin Ingilishi su ne sau da yawa suka fi cunkoso. *Banana* mai harafi shida ta bi tsarin BW daga farko har ƙarshe, *desk* mai harafi huɗu kuwa ta ƙare da baƙi biyu, wanda Hausa ba ta yarda da shi ba.

5.0 Rukuni Bisa Jerin Haruffa

5.1 Haruffa Iri Ɗaya, Furuci Daban-daban

(5) Jerin *ch*
charger > caja. Change > canji. Bench > benci. Church > coci. Chairman > ciyaman
machine > mashin
chemist > kemis. Mechanic > makaniki. Cholera > kwalara

(6) Jerin *ea*
heater > hita. Speaker > sifika. Teacher > tica
headmaster > hedimasta. Leather > leda
bread > burodi

(7) Jerin *co*
college > kwaleji. Committee > kwamiti. Conductor > kwandasta. Computer > kwamfuta
company > kamfani. Colour > kala
court > kotu

A (5) jerin haruffa guda ya haifar da sauti uku a Hausa: /c/, /sh/ da /k/. Hausa ba ta ƙirƙiri wannan rabuwa ba, ta tarar da ita ne a furucin Ingilishi, inda *machine* ta riƙe furucinta na Faransanci, *chemist* da *cholera* kuma suka zo ta hanyar Girkanci. A (6) *ea* ta rabu zuwa /i/ da /e/, daidai da yadda take a furucin asali. *Burodi* ta fita daban, abin da ke nuna cewa tana da nata tarihin. A (7) inda harafin *o* yake da kewayayyen furuci a bakin waɗanda aka ji kalmar daga gare su, Hausa ta ɗora kewayar leɓɓan a kan baƙin, ta leɓanta shi zuwa /kw/. Inda kuwa *o* ke wakiltar wasalin da ke cikin *cup*, sai aka sami /ka/. Dogon wasalin *court* ya zauna a matsayin /o/. Rubutun Hausa na kalmomin nan ya fi rubutunsu na Ingilishi bayyana yadda ake faɗarsu.

5.2 Haruffa Daban-daban, Furuci Iri Ɗaya

(8) Ƙarshen kalma da ya zama -a
driver > direba. Carpenter > kafinta. Passenger > fasinja. Spanner > sifana
motor > mota. Tailor > tela. Razor > reza. Professor > farfesa
litre > lita. Theatre > tiyata
tyre > taya; wire > waya; hour > awa

(9) Ƙarshen kalma da ya zama -ur ko -ir
table > tebur. Cable > kebur. Sample > samfur. Shovel > shebur
candle > kyandir. Bundle > bandir. Pencil > fensir

Mai tsara jeri bisa haruffa zai raba kalmomin (8) gida huɗu ko biyar: masu *er*, masu *or*, masu *re*, masu *our*. Hausa ta haɗa su gida ɗaya, domin a Ingilishin Ingila ba a furta /r/ a ƙarshen kalma, raunanan wasali kawai ake ji, shi ne kuma ya zama /a/. Da ta bakin Amurkawa kalmomin suka shigo, da an ga alamar /r/ a cikinsu. Wannan ƙarshe ya kuma shafi nahawu: *mota*, *taya*, *waya*, *leda* da *caja* duk sun shiga jinsin mace saboda sun ƙare da -a, amma *direba* da *kafinta* suna bin jinsin wanda ake magana a kansa.

A (9) ƙarshen *le*, *el* da *il* sauti ɗaya ne a Ingilishi, kuma tsofaffin kalmomin aro sun mayar da shi /r/. Wasalin da ke gabansa ya danganta da baƙin da ya biyo: bayan baleɓe /b/ ko /f/ an sami /u/, bayan bahanƙe /d/ ko /s/ an sami /i/. Sababbin kalmomi irin su *onarabul* sun riƙe /l/, kuma ana jin *kebul* kafaɗa da kafaɗa da *kebur* a shagunan wayoyi. Irin wannan bambancin zamani yana nan a ƙarshen *tion* da *sion*: tsofaffin aro sun yar da ɗan hancin ƙarshe, kamar a *tasha*, *fansho* da *kamasho*, na baya kuwa sun riƙe shi, kamar a *talabijin* da *kwandishan*.

5.3 Jerin da Ke Aiki: Cunkoson Baƙaƙe

Akwai wuri ɗaya da rukunin haruffa yake da amfani, wato inda haruffan suke wakiltar baƙaƙe biyu ko uku da ake furtawa a jere.

(10) br, bl, pl, cl, scr: burodi, buroshi, bulo, fulogi, kuloci, sukuru
(11) dr, tr, gl, sp, st: direba, tirela, gilashi, sifana, sito, sitiyari, sitaci
(12) tr kafin /a/: tarakta, taransifoma

Babbar dabarar ita ce saƙala wasali. A (10) /u/ aka saƙala, saboda kusanci da baleɓe ko da kewayayyen wasali. A (11) /i/ ce, wadda ita ce ta gama-gari. A (12) an kwaikwayi wasalin gaɓar da ke biye. Ƙa'idar ba ta rasa togaciya, domin *firamare* da *firinta* sun ɗauki /i/ duk da baleɓen da ke farkonsu, saboda tasirin wasalin da ke gaba. Dabara ta biyu ita ce shafewa: /s/ ta faɗi a *tasha*, /l/ ta faɗi a *fim*, /nd/ ta zama /m/ a *fam*. Ta uku ita ce sauya gurbin wasali, kamar a *birki* da *birkila*, inda /r/ ta koma ƙarshen gaɓar farko.

A ƙarshen kalma /i/ aka fi ƙarawa, kamar a *banki*, *tanki* da *yadi*. Idan baƙin ƙarshe /s/ ne, yakan ganɗance: *gilas* da *gilashi*, *ofis* da *ofishi*. Amma /t/ ba ta koma /c/ ba a *kati*, *fenti* da *gwamnati*, sai a jam'i irin *motoci*. Ta fuskar karin sauti kuwa, gaɓar da Ingilishi ya ɗora wa nauyi ita ke ɗaukar karin sama, wasalin da aka saƙala a farko kuma yakan ɗauki karin ƙasa, kamar a *direba*, mai ƙasa-sama-ƙasa.

5.4 Alamun Hanyar da Kalma Ta Biyo

Wasu kalmomi sun saɓa wa abin da ake tsammani, kuma saɓanin yana da ma'ana. Sanannen abu ne cewa Bahaushe mai koyon Ingilishi yakan furta *th* da /s/ ko /z/, alhali mutanen kudancin Nijeriya sukan furta ta da /t/ ko /d/. Amma kalmomin aro *tiyata* da *leda* /t/ da /d/ suka ɗauka. Haka kuma Hausa tana da /h/, kamar a *hanya* da *hula*, ta kuma riƙe ta a *hita* da *hedimasta*, amma babu ita a *asibiti* da *otal*. Bayanin da ya fi dacewa shi ne cewa irin waɗannan kalmomi ba kai tsaye daga bakin Bature suka zo ba, sun bi ta bakin wasu al'ummomi, irin waɗanda suka zauna a Sabon Gari.

Sunayen tsofaffin kuɗi sun ƙarfafa wannan. Bisa (8), da *copper* ta ƙare da -a, amma *kwabo* aka samu, wadda ta yi kama da takwararta ta Yarabanci. *Taro* da *sisi* ma suna da takwarori a can. Waɗannan kalmomi sun yi tafiya a hannun 'yan kasuwa kafin naira ta maye gurbin fam a 1973.

Tasirin rubutu shi ma yana nan, amma kaɗan ne. Harafin *p* na *receipt* da na *cupboard* ba a furta shi, bai kuma fito a *rasit* da *kabad* ba. Amma *b* na *plumber*, wanda Bature ba ya furtawa, ya fito a *fulamba*, domin haka ake faɗar kalmar a Ingilishin Nijeriya. Yayin da masu ilimin boko suka yawaita, ana samun tagwayen kalmomi daga tushe ɗaya, kamar *likita* da *dokta*, inda ta farko ta zama sunan sana'a, ta biyu kuma laƙabi.

6.0 Tasiri ga Koyarwa da Rubutu

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen muhallinsa a farkon firamare, kafin a koma Ingilishi. Ko an bi tanadin ko ba a bi ba, yaron Samaru ko Sabon Gari yana shiga aji da kalmomin Ingilishi masu yawa a bakinsa cikin rigar Hausa. Jerin da aka tsara bisa yawan haruffa ba ya amfana da wannan jari, yana kuma iya sa malami ya ɗauki yaro a matsayin marar ƙoƙari saboda ya kasa faɗar kalma mai harafi huɗu, alhali kalmar ce ta saɓa wa tsarin gaɓar harshensa. Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu.

Na farko, a jera kalmomi bisa nisansu daga tsarin gaɓar Hausa. A fara da waɗanda ba su da cunkoso, kamar *banana*, *motor* da *radio*, sannan masu ƙarewa da baƙi ɗaya, sannan masu baƙi biyu a farko, sannan masu biyu a ƙarshe, a rufe da masu uku.

Na biyu, a mayar da kalmar aro gada. Idan aka rubuta *fulogi* kusa da *plug*, ko *gilashi* kusa da *glass*, aka nemi yaro ya nuna wasulan da Hausa ta ƙara, zai ga da idonsa abin da ake so ya cire a furucin Ingilishi, ba tare da an nuna masa cewa Hausarsa kuskure ce ba.

Na uku, duk inda za a koyar da jerin haruffa irin *ch* ko *ea* ko *ough*, a raba shi bisa sauti tun farko. *Caja*, *mashin* da *kemis* sun isa su nuna wa ɗalibi furuci uku na *ch*, domin ya riga ya san su. Akasin haka, *direba*, *mota* da *lita* za su nuna masa cewa sauti ɗaya yana da rubutu uku, kuma nan ne haddar haruffa ta zama dole.

Na huɗu, a ware lokaci ga sautukan da Hausa ke haɗewa, wato /p/ da /f/ kamar a *pan* da *fan*, da /v/ da /b/ kamar a *van* da *ban*. *Famfo*, *fasinja*, *direba* da *shebur* sun nuna inda haɗewar take.

Akwai kuma abin lura ga masu daidaita rubutun Hausa. A allunan shaguna da saƙonnin waya ana yawan ganin *chaja*, *chanji* da *coci* a rubuce da *ch*, ko a bar kalmar da rubutunta na Ingilishi a tsakiyar jimlar Hausa. Ƙa'idar da aka gada tun daga aikin Hanns Vischer na 1912, wadda Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 suka ci gaba da gyarawa, ta ginu ne a kan rubuta abin da ake furtawa. A kan wannan ma'auni *caja* da *canji* su ne daidai. Inda furuci ya rabu biyu, kamar *kebur* da *kebul* ko *gilas* da *gilashi*, aikin mai ƙamus ne ya kawo duka biyun, ya nuna wadda ta fi daɗewa da wadda ta fi yaɗuwa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta gwada tsarin kasa kalmomin Ingilishi bisa tsawo da jerin haruffa a kan kalmomin aro na yankin PZ. An ga cewa kalmomi masu yawan haruffa ɗaya suna fitowa da tsawo daban-daban a Hausa, jerin haruffa ɗaya yana rabuwa zuwa sautuka da dama, jeri daban-daban kuma suna haɗewa a sauti ɗaya. Rukunin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne na cunkoson baƙaƙe, domin a nan ne harafi da sauti suka yi daidai. An kuma ga cewa kalmomin da suka kauce wa ƙa'ida, irin su *asibiti*, *tiyata* da *kwabo*, suna ɗauke da tarihin hulɗar da aka yi a tashar jirgi da kasuwar Sabon Gari. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne naɗar maganar rukunonin masu sana'a a yankin, kamar makanikai da masu gyaran waya da ɗaliban jami'a, a kwatanta furucin dattawa da na matasa, domin a gano ko saƙala wasali na raguwa a bakin waɗanda suka yi karatun boko.